Ƙaho Ne Ko Haƙori?

A ƙasarmu ta Miga, idan damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kan kori macizai daga ramukansu su hauro tudu inda mutane su ke. Da kaka kuma, lokacin yankan shinkafa da ɗaurin gero, mutum ya kan zura hannu cikin dami bai san abin da ke kwance a ciki ba. Saboda haka da wuya a sami unguwar da ba a taɓa kukan saran maciji ba, kowane gari kuwa da mai maganinsa. Mu masu bi ma muna da namu. A gidan ɗaya daga cikin dattawan ekklesiyarmu akwai wani tsohon gwangwanin shayi, a cikinsa an naɗe wani ɗan baƙin dutse a tsumma, bai fi kan babban yatsa ba. Wani mai bishara ne ya bar shi tun zamanin iyayenmu. In maciji ya sari mutum sai a ɗan tsaga wurin, a ɗora dutsen, ya kama ya manne kamar kaska. Sa'ad da ya faɗi da kansa sai a ce ya gama zuƙe dafin. A tafasa shi, a jiƙa shi cikin madara, a shanya, a mai da shi gwangwani sai wata rana. Maƙwabtanmu Musulmi ma su kan aiko a ara musu, muna kuwa jin daɗin haka.

Zan komo kan wannan dutse. Amma bari in fara kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, gama a cikin labarinta na ga fuskata, kamar yadda mutum ya kan leƙa rijiyar wani ya ga kansa a ciki.

Can arewa ƙwarai, gaba da Turai, inda teku ya kan daskare ya zama ƙanƙara, rana kuma ta kan yi watanni ba ta fito ba, akwai wata dabbar ruwa da Turawa ke kira narwal. Yawancinsu suna tekun da ke tsakanin tsibirin Girinlan da ƙasar Kanada, wasu kuma a arewacin Rasha. In ka gan ta sai ka ce kifi ce, amma irin ayu ce wajen halitta: tana tasowa ta shaƙi iska, tana haihuwa, tana ba ɗanta mama. Tsawonta ƙafa 13 zuwa 18, babban namiji kuwa ya kan kai kilo 1,600, watau wajen nauyin manyan bijimai huɗu. Ta kan nutsa kusan mil guda ƙarƙashin ruwa garin neman kifi. Abin mamaki gare ta shi ne wani haƙori guda na hagu a muƙamuƙin sama. A wurin namiji wannan haƙori ba ya tsayawa cikin baki. Sai ya huda leɓe ya fito waje, ya miƙe sak kamar mashi, yana murɗewa kamar igiya, kullum ta hagu, har ya kai ƙafa 8 ko 9, wani ma 10. Mata kaɗan ne ke da shi. A cikin maza 500 kuma a kan sami ɗaya mai biyu.

Mutanen wannan ƙasa, waɗanda a ke kira Inuwit, sun san dabbar tun kaka da kakanni. Suna farautarta, suna cin fatarta da kitsenta. Da ya ke ƙasarsu ba ta da itatuwa, da haƙorin nan su kan yi ƙotar mashi da dirkar bukka. A wurinsu haƙori ne, ba su taɓa ce masa wani abu dabam ba.

Wajen shekara ta 985 wasu mutanen Norwe da Aislan suka ƙetare teku suka kafa ƙauyuka a Girinlan, suka zauna can fiye da shekara 400. Su ne suka fara kai irin wannan haƙori Turai da yawa. A Turai kuwa ya tarar da wata tatsuniya tana jiransa. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu wani likita Bahelene, Kitesiyas, wanda ya yi aiki a fadar sarkin Farisa, ya rubuta cewa a ƙasar Hindu akwai wani jakin jeji mai ƙaho ɗaya a goshi, wanda ya sha ruwa da ƙahonsa guba ba ta kama shi. Mai yiwuwa labarin karkanda ne ya ji daga bakin matafiya. Daga baki zuwa baki jakin ya zama farin doki kyakkyawa mai ƙaho ɗaya, Turawa suna ce masa yunikon. Ba wanda ya taɓa ganin dokin, sai ga ƙahonsa ya zo kasuwa, dogo, fari, murɗaɗɗe. Wa zai yi musu?

Ku tuna kuma sarakunan wancan zamani suna zaune cikin tsoron sammu dare da rana. Ɗan'uwa ya kan sa wa ɗan'uwa guba a abinci saboda gadon sarauta. Sai aka ce wannan ƙaho ya kan yi gumi in an kawo guba kusa da shi, in kuma an tsoma shi cikin ƙoƙon sarki ya kan kashe ƙarfinta. Kuɗinsa ya hau har ya fi na zinariya ninki ba ninki, in an auna nauyi da nauyi. A 1533 Paparoma Kilemen na 7 ya ba Sarkin Faransa guda ɗaya kyautar biki. A 1564 'ya'yan gidan sarautar Ostiriya suka yi alkawari cewa wanda ke taskarsu ba za a sayar ba, ba za a ba da shi jingina ba har abada. Yana nan a birnin Biyana har yau. Wani matafiyi Bajamushe ya ga guda a fadar Sarauniya Alisabatu ta 1 ta Ingila a 1598, aka ce masa kuɗinsa ya wuce fam 10,000, kuɗin da ya isa gina fada. Sarakunan Denmak kuwa kujerar naɗin sarauta suka yi da shi, aka fara hawanta a 1671.

Fatake sun san kaya su kan sake suna a hanya. Jar fatar akuya ta Sakkwato da Kano ta kan ƙetare hamada a bayan raƙumi, in ta isa Turai sai a ce mata fatar Maroko, domin ta can ta shiga jirgi. Amma wannan bai cuci kowa ba. Wanda ya saya ya sami fata mai kyau, ya yi wa littafinsa bango, ta yi masa aikin da ya saye ta dominsa. Haƙorin narwal fa sunan ne kaɗai a ke saye. In an cire sunan, sai ƙashi.

Ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya san abu ba shi da amfani, amma ya ga yana kwantar wa ɗan'uwansa da hankali, ya yi shiru, bai yabi abin ba bai kushe shi ba, ya yi ƙarya ko bai yi ba?

Gama akwai waɗanda suka sani. Wajen shekara ta 1250 an rubuta wani littafi a Norwe mai suna Madubin Sarki, a ciki an bayyana narwal da dogon haƙorinta daidai yadda ta ke. Watau shekara ɗaruruwa kafin Sarauniyar Ingila ta ajiye nata a taska, matuƙan jiragen arewa sun san daga bakin wace dabba ya fito. Su kuwa Kirista ne. Tun 1126 suna da bishop a Girinlan. Ban ce kowane ɗayansu ya rantse da ƙarya ba. Ba su ma bukatar rantsuwa. Mai saye ne ya zo da tatsuniyarsa a ka, ya ga kaya ya ce, ga ƙahon dokin nan. Abin da ya rage wa mai sayarwa kawai ya riƙe bakinsa ya miƙa hannu. Hannu na biyu da na uku wataƙila suna shakka. Kafin ya kai hannu na goma, mai sayarwa da kansa ya gaskata, yana iya dafa Littafi ya rantse da zuciya ɗaya. Haka ƙarya ta kan yi tafiya: a kowane zango ta kan yar da ɗan laifinta, har ta isa gari a hannun mai gaskiya.

Ekklesiya ma ba ta kuɓuta ba. An ajiye irin wannan ƙaho a taskar manyan majami'u, kamar ta Markus a birnin Banis, inda har yanzu akwai su. Dalili kuwa shi ne mutane suna tsammani Littafi Mai Tsarki ya shaidi dokin. A Tsohon Alkawari da Ibraniyanci akwai wata dabba mai ƙarfi da a ke kira re'em, an ambace ta sau 9, kamar a Littafin Ƙidaya 23:22, da Ayuba 39:9, da Zabura 92:10. Yahudawan Iskandariya ta Masar da suka juya Littafin zuwa Helenanci suka sa mata kalmar da ma'anarta mai ƙaho ɗaya ke nan. Juyin Latin ya bi su a wasu wurare, juyin Turanci na 1611 kuma ya sa yunikon. Amma Maimaitawar Shari'a 33:17 a Ibraniyanci tana maganar ƙahoni a kan re'em guda. Masana yanzu sun yarda wani ƙaton san jeji ne, kakan shanunmu na gida, wanda ta ƙarshe a irinsa ta mutu a wani daji na ƙasar Polan a 1627. Masu juyi zuwa Hausa sun sa ɓauna, sun kuwa fi kusa da gaskiya. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan. An gyara kuskuren masu juyi, doki mai ƙaho ɗaya ya fita daga Littafin, ba kuwa aya ɗaya da ta rasa ƙarfinta. Wanda ya karanta Ayuba 39 da ɓauna a zuciyarsa ya fi jin nauyin maganar, gama ya san ba mai iya ɗaura wa ɓauna garma.

Mutum biyu na zamanin nan sun tsaya mini a rai. Na fari Sarkin Rasha ne, Iban na 4, wanda a ke ce wa Mai Ban Tsoro. Yana da sandan sarauta na wannan ƙaho, an yi masa ado da duwatsu masu daraja. Wani Baturen Ingila da ke fadarsa ya ba da labari cewa a 1584, da ciwo ya ci ƙarfinsa, sarkin ya sa aka kawo sandan, aka zana da'ira da shi a kan tebur, aka saka gizo-gizo a ciki don a ga ko ƙarfinsa na nan. Bai daɗe ba bayan wannan ya mutu. Na biyu kuwa shi ne ya fi kama da ni. Wani shahararren likitan fiɗa na Faransa, Ambruwaz Pare, ya gwada ƙahon da kunama da gizo-gizo da kwaɗo, ya ga ba ya kome, ya rubuta haka a 1582. A cikin rubutunsa ya ce ya taɓa roƙon babban likitan sarki, mai suna Shaflen, ya hana al'adar tsoma ƙaho cikin ƙoƙon sarki. Shaflen ya amsa masa cewa shi ma ya san ba ya da amfani, amma abin ya riga ya kafu a zukatan sarakuna da talakawa, wanda ya fito ya yi magana kuwa za a yi masa rubdugu kamar yadda tsuntsaye ke yi wa mujiya in ta fito da rana. Sai ya yi shiru. Aka ci gaba da tsoma ƙaho.

A 1638 wani likita na Denmak, Ole Worm, ya nuna wa mutane ƙoƙon kan narwal da haƙorin kafe a ciki. Ko da haka sai da aka kai cikin ƙarni na 18 kafin masu magani su daina kankara shi suna sayar da garinsa. Worm da kansa ya ba dabbobi guba ya bi su da garin haƙorin, suka tashi, sai ya ce ashe ko da ba ƙahon doki ba ne yana da magani. Bai tsaya ya tambayi kansa ko da ma gubar ba ta isa kashe su ba. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi a Miga.

Gaskiyar haƙorin kuwa, da aka bar tatsuniya aka dube shi, ta fi tatsuniyar ban mamaki. Wani likitan haƙori na Amurka, Martin Nwiya, da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa akwai miliyoyin ƙananan kafofi a jikinsa da ke kai saƙo ga jijiya, har dabbar tana jin sauyin gishirin ruwa da shi. A 2017 kuma aka nuna hoton narwal tana bugun kifi da shi ya suma kafin ta haɗiye. Sau ɗaya tak na taɓa jin wannan haƙori ya ceci rai. Ran 29 ga Nuwamba 2019 wani ya far wa mutane da wuƙa a wani zaure kusa da gadar birnin Landan, ya kashe biyu. Sai wani mutum ya fizgo haƙorin narwal da aka rataye a bango don ado, shi da waɗansu suka bi maharin har kan gada suka danne shi. Tabarya ma da ta yi wannan aiki, in ta sami hannu irin nasa.

To, mu komo gida. Kada mu yi wa sarakunan Turai dariya, gama a kasuwanninmu a na sayar da man ayu kwalba-kwalba, alhali ayun da suka rage a Binuwai da Kwara ba su isa cika rabin kwalaben ba. Amma wannan na 'yan kasuwa ne. Namu na ekklesiya shi ne baƙin dutsen nan.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa ya faru, wata 'yar'uwa ma'aikaciyar asibiti ta gaya mini asalinsa, na kuma bincika na tarar haka ne. Ba dutse ba ne ma. Ƙashin saniya ne, a kan yanka shi ƙanana a gasa har ya zama gawayi. Da ya ke yana da kafofi kamar soso, in ya taɓa jini sai ya manne, in ya ƙoshi ya faɗi. 'Yan mishan ne suka baza shi a Afirka, musamman wata ƙungiyar fada-fada ta Katolika daga Beljiyam, da kyakkyawar niyya, a zamanin da asibiti ke da tafiyar kwana da kwanaki. A 2007 wani likita Bafaranshe, Shifo, da abokan aikinsa suka gwada shi a kan ɓeraye da dafin kasa da kububuwa da gamsheƙa, watau macizanmu na nan. Ɓerayen da aka ɗora wa dutse suka mutu kamar waɗanda ba a ɗora wa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da saran maciji kowace shekara, ta ce kada a dogara gare shi, kada kuma a tsaga wurin saran.

Me ya sa fa mu ke ganin yana aiki? Amsar Ole Worm ce. Macizai da yawa ba su da dafin kisa. Mai dafin ma sau da yawa ya kan sara bai zuba dafi ba, ko ya zuba kaɗan. Irin waɗannan mutane za su tashi ko an ɗora dutse ko an ɗora ɓawon gyaɗa. In sun tashi sai a gode wa dutse. In wani ya mutu sai a ce an makara, ko kwanansa ne ya ƙare. Ta haka dutse ba ya taɓa faɗuwa a shari'a.

Na san wannan duka, na yi shiru. Dattijon da ke riƙe da dutsen shi ya koya mini karatun Littafi tun ina yaro. Yaya zan tsaya gaban jama'a in ce, Baba, abin da ka ke ɗorawa shekara 30 gawayi ne? Na ce a raina, ai ba ya cutar kowa, kuɗi ma ba a karɓa. Ni ban taɓa ɗora shi da hannuna ba, ban taɓa cewa yana aiki ba. Na wanke hannuna, na zauna.

Kakar bara kububuwa ta sari wani saurayi na ekklesiyarmu a dunduniya da la'asar, yana kwasar gero. Aka kawo shi gidan dattijon, aka tsaga, aka ɗora dutse, ya manne. Ina wurin. Uwar yaron ta dube ni ta ce, “Malam, ya kama ko?” Na ce mata, “Ya kama.” Gaskiya na faɗa, gama ya kama ɗin. Ta yi ajiyar zuciya, ta tafi dafa tuwo. Dafin kububuwa kuwa ba ya gaggawa. Aikinsa ya hana jini daskarewa. Wani likita Bature, Debid Warel, ya yi nazarinsa a asibitin jami'a a Zariya cikin shekarun 1970, shi da abokan aikinsa suka nuna gwajin da har yanzu a ke yi: a zuba jinin wanda aka sara cikin kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Da asuba yaron ya tofa yawu sai jini, tsagar da aka yi masa kuma ta ƙi tsayawa. Sa'an nan ne muka nemi babur. Ya yi kwana 9 a asibiti, aka ƙara masa jini, ubansa ya sai da bijimin nomansa. Allah ya yi mana jinƙai, ya rayu. Likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai tambaya ƙarfe nawa aka sare shi, da muka faɗa ya girgiza kai.

Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Sa'a 14 ɗin nan da yaron ya kwana a tabarma, shiruna ne ya saye su. Da babu dutse a garin, tsoro da kansa zai sa a nemi babur tun da la'asar. Kwanciyar hankalin da na ke cewa ba ta cutar kowa, ita ce ta yi cutar. Shari'ar Musa ta hana a sa wa makaho abin tuntuɓe, kamar yadda ya ke a Littafin Firistoci 19:14. Ni ban sa ba, amma na gan shi a hanya na kauce, na bar makaho yana tahowa. Ezekiyel 33 kuwa bai bar wa mai tsaron da ya ga takobi ya ƙi busa ƙaho wata mafaka ba.

Bayan sati biyu na je wurin dattijon da dare, na gaya masa duka. Ya daɗe bai ce kome ba. Abin da ya faɗa daga baya ba zan ɓoye shi ba, gama yana da nauyi. Ya ce, “Ɗana, na ji. Amma kai ka taɓa ɗaukar mutum a wuya ka ratsa ruwa da shi cikin watan Agusta? Sa'ad da aka ba mu dutsen nan babu kwalta, babu babur. Yanzu ma in ka kai mutum, wani lokaci a ce babu allurar, in akwai kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Wanda aka sara in ya firgita ya yi ta gudu, ka ce dafi ya fi saurin zagawa. Dutsen nan ya kan zaunar da shi. Da babu gara ba daɗi. In za ka karɓe sandan makaho, sai ka ba shi hannunka.”

Na yi kwanaki ina juya wannan magana. Ina ganin rabinta gaskiya ce, rabin nan kuwa ya ƙara mini kaya. Mai bisharar da ya kawo dutsen bai yi ƙarya ba, dattijon ma bai yi ba. Sun ba da abin da suka gaskata. Laifi ya kan fara ne a ranar da sani ya zo. Kuma da gaske ne faɗar gaskiya da baki abu ne mai araha. Mai ilimi ya kan ji daɗin rushe abin da jahili ya dogara da shi, ya kaɗe rigarsa ya tafi, wannan kuwa girman kai ne ya sa rigar gaskiya. Amma inda ban bi shi ba shi ne wajen cewa da babu gara ba daɗi. Wannan karin magana na abinci ne: tuwo marar daɗi ya kan cika ciki. Dutsen ba ya cika kome, wuri kawai ya ke tarewa. A kan iya zaunar da wanda aka sara da murya mai taushi, da addu'a, da gaya masa gaskiya cewa yawancin waɗanda aka kai da wuri suna tashi, ba tare da an hana a kira babur ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan tsorata ni. Maƙwabtanmu suna aron dutsen domin na masu bi ne, suna cewa Kirista ba sa ƙarya. Ashe sunanmu ne jinginarsa, kamar yadda taskar majami'a ta zama jinginar haƙorin narwal. Ran da suka gane gawayi ne, kuma wasunmu sun sani, me za su ce da sauran abin da mu ke faɗa musu? Macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji da umurnin Allah aka yi shi, waɗanda aka sara suka dube shi suka rayu. Duk da haka sa'ad da jama'a suka mai da shi abin ƙona wa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, 2 Sarakuna 18:4 kuwa ta lissafa wannan cikin kyawawan ayyukansa. In abin da ya taɓa warkarwa da gaske ya iya kai ga haka, ina ga ƙashin saniya?

Ran Lahadi bayan sujada dattijon da kansa ya tashi ya yi wa jama'a magana, ni na bi bayansa na faɗi nawa laifin a gaban uwar yaron. Ba kowa ya yarda ba. Wata tsohuwa ta ce dutsen ya ta da mijinta sau biyu, ba kuwa mai raba ta da wannan. Amma muka shirya asusu, kowane gida na zuba mudu ɗaya na hatsi da kaka, don kuɗin mai da na allura. Samari biyu masu babur suka yarda a tashe su kowane lokaci. Aka koya wa kowa cewa ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da munduwa, a ɗaura wa ƙafar itace don kada ta yi motsi, a tafi nan take.

Dutsen dai ba a farfashe shi ba. Na nemi a yi, dattijon ya ce in bar masa, abin tunawa ne da wanda ya kawo mana bishara. A watan jiya, wajen ƙarfe 11 na dare, wani maƙwabci ya aiko ɗansa a guje a ara masa dutse, an sari matarsa a bakin rumbu. Sai na ji a na buga mini ƙofa. Na fito na tarar da dattijon da tocila a hannu, ya ce, “Malam, tashi yaron nan mai babur, ni zan riƙe ta a baya.” Da ya ɗaga ƙafa zai hau, na ji gwangwanin shayin nan ya yi ƙara a aljihun rigarsa.